Malam Muhammadu Alkashinawi, Masanin Lissafi

A cikin mutanen ƙasar Hausa na zamanin da waɗanda sunansu ya kai nesa saboda ilmi, akwai wani malami Bafilace mai suna Muhammadu ɗan Muhammadu. Larabawa suna kiransa Alkashinawi, watau Bakatsine, gama su Kashina suke ce wa Katsina. Sukan kuma danganta shi da Ɗan Ranko, wani garin fatake na ƙasar Katsina. Ya yi zamaninsa a farkon ƙarni na 18, ya rasu a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar wajen shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Malami ne na fannoni da yawa, amma abin da ya fi shahara da shi shi ne lissafi, wanda malaman da suke kira hisabi.

A zamanin nan Katsina babban birni ne na ciniki da karatu. Ayarin raƙuma yana ƙetare hamada ya zo da takarda da tufafi da littattafai, malamai kuma suna biyo fatake su sauka a birnin, waɗansu su wuce, waɗansu su zauna. Tun kafin Muhammadu an yi manyan malamai a can, kamar Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Ikon Katsina kuwa ya miƙe kudu maso yamma har ya kai inda Tsafe da Gusau suke yau. Garin Gusau bai kafu ba tukuna a lokacin, amma akwai 'Yandoto kusa da Tsafe, garin malamai, inda almajirai ke zuwa neman ilmi daga wurare masu nisa. Alamar wannan tsohon zumunci tana nan cikin sunayen sarauta, gama sarkin Gusau ana kiransa Sarkin Katsina, sarkin Tsafe kuma ana kiransa 'Yandoto. Saboda haka yaran Gusau da na Tsafe da na Bungudu suna iya ɗaukar Malam Muhammadu a kan mutumin gida ne.

Malamansa

Yaron wancan zamani da allo yake fara karatu, da tawada da alƙalamin kara. In ya sauke Alƙur'ani, sai ya shiga karatun littattafai, bana yana gaban wannan malami, baɗi yana gaban wancan, kowane malami da fannin da ya fi ƙwarewa a ciki. Malaman Muhammadu da aka ambata su 4 ne: Muhammadu Alwali na Bagarmi, da Malam Hashimu, da Muhammadu Fodu, da Muhammadu Bindu.

Muhammadu Fodu shi ne ya fara buɗe masa ido. Ya zauna tare da shi wajen shekara 4, ba ya rabuwa da shi ko a gida ko a tafiya. Wurinsa ya koyi nahawu da sarfu, watau ƙa'idodin harshen Larabci. Akwai wani littafin adabi mai wuyar kalmomi da ake kira Maƙama. Muhammadu ya haddace shi sarai, har ya zama in an ambaci wata kalma daga cikinsa, nan take sai ya faɗi wadda ta zo kafinta, ba tare da ya tsaya tunani ba. Saboda wannan malaminsa ya riƙa kiransa Mai Maƙama. Da ya ga ya gwanance a nahawu kuma, sai ya sake masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi, sunan wani babban masanin nahawu da ya zauna a Basra ta ƙasar Iraƙi a ƙarni na 8.

Wurin Muhammadu Bindu kuwa ya koyi hisabi, da sanin lokaci, watau yadda ake gane sa'o'in rana da na dare ta wurin inuwa da taurari. Wurinsa ya koyi shirya lambobi cikin hatimi, abin da za ku ji labarinsa nan gaba. Har wa yau a gabansa ya karanta mafi yawan Muhtasar, babban littafin fiƙihu na mazhabar Malikiyya, wanda Shaihu Halilu, wani malamin Masar, ya wallafa a ƙarni na 14. Karatun nan nasa ya kai har ƙarshen littafin. Babin ƙarshe na Muhtasar kuwa shi ne na rabon gado, nan ne fiƙihu da lissafi suke haɗuwa.

Lissafin gado

Babu inda kuskuren lissafi ya fi ɓarna kamar wurin rabon gado. In ɗan makaranta ya kuskure a kan allo, sai ya goge ya sake. In mai rabon gado ya kuskure, haƙƙin maraya ko na mai takaba ya faɗa hannun wani ke nan, zumunci ya lalace, 'yan'uwa su shekara ba su gaisa ba. Don haka ba a yarda malami ya zauna rabon gado sai ya iya lissafi ƙwarai.

Shari'a ta yanka wa waɗansu magada rabonsu da suna. Rabon nan iri 6 ne. Akwai rabi, watau kashi 1 cikin 2. Akwai rubu'i, 1 cikin 4, da tumuni, 1 cikin 8. Akwai kuma sulusi, 1 cikin 3, da sulusi biyu, 2 cikin 3, da sudusi, 1 cikin 6.

To, a ce wani mutum ya rasu a Bungudu, ya bar matarsa da uwarsa da ɗansa namiji guda ɗaya. An yi masa sutura, an biya bashinsa, an cika wasiyyarsa, abin da ya rage tumaki 48. Matar tana da tumuni, uwar tana da sudusi, sauran kuwa na ɗan ne. Abin da mai rabo zai fara yi shi ne ya kasa dukiyar kashi-kashi daidai wa daida, yadda tumuni zai fita lafiya, sudusi kuma ya fita lafiya. In ya kasa ta 8, tumuni ya fita, amma sudusi ya karye, gama 6 ba ta raba 8 ba saura. In ya kasa ta 6, sudusi ya fita, tumuni ya karye. Ashe lamba yake bukata wadda 6 za ta shiga cikinta ba saura, 8 kuma ta shiga cikinta ba saura.

Ga yadda ake nemo ta. Ku yi tsammani akwai masu jaki biyu da ke kai kaya Gusau. Ɗaya daga Tsafe yake, yakan zo kowane kwana 6. Ɗaya daga Bungudu, yakan zo kowane kwana 8. Yau sun gamu a bakin kasuwa, sun gaisa, kowa ya kama hanyarsa. Mutumin Tsafe zai komo bayan kwana 6, da 12, da 18, da 24, da 30, da 36, da 42, da 48. Mutumin Bungudu zai komo bayan kwana 8, da 16, da 24, da 32, da 40, da 48. In kun duba jerin nan biyu, za ku ga sun haɗu a 24, sun kuma haɗu a 48. Haɗuwarsu ta fari a 24 take. Wannan lamba ana iya kiranta ƙaramar mahaɗa, watau mafi ƙanƙanta cikin lambobin da 6 da 8 suke shiga ba saura. A littattafan makaranta ana gajarta sunanta da haruffan Turanci, a ce L.C.M. Malaman gado kuwa asalin mas'ala suke kiranta.

Yanzu sai mai rabo ya kasa tumakin nan 48 kashi 24, kowane kashi tunkiya 2. Tumunin 24 shi ne 3, saboda haka matar ta sami kashi 3, watau tumaki 6. Sudusin 24 shi ne 4, uwar ta sami kashi 4, watau tumaki 8. Sauran kashi 17 na ɗan ne, watau tumaki 34. In kun tara 6 da 8 da 34 za ku sami 48 cif. Ba a yanka tunkiya ko ɗaya ba, ba a kuwa cuci kowa ba.

Jera lambobi irin na masu jakin nan yana da sauƙi in lambobin ƙanana ne. In suka yi girma, sai aikin ya yi tsawo. Saboda haka malamai suka riƙe wata gajeruwar hanya, wadda take bi ta kan wata lamba dabam. A ce akwai buhu biyu na gero, ɗaya mudu 18, ɗaya mudu 12. Ana so a sami ƙwarya wadda za ta aune kowane buhu ƙarƙaf, ba ragowa. Ƙwarya mai cin mudu 1 za ta yi, haka mai cin 2, da mai cin 3, da mai cin 6. Mai cin 4 za ta aune buhun 12, amma ta bar ragowa a na 18. Mai cin 9 za ta aune na 18, ta bar ragowa a na 12. Babbar ƙwaryar da za ta aune su duka biyu ita ce mai cin mudu 6. Wannan lamba ana iya kiranta babban ma'auni, watau mafi girma cikin lambobin da ke raba 18 da 12 ba saura. Ita ce ake gajarta sunanta a ce H.C.F.

Hanyar nemo babban ma'auni kuwa ta ɗebewa ce. A ɗebe ƙaramar lamba daga babba, a yi ta ɗebewa har abin da ya rage ya kasa ƙaramar. Sa'an nan a juya, a riƙa ɗebe ragowar daga ƙaramar. Haka za a yi ta yi har a sami lambar da ta cinye 'yar'uwarta ba saura, ita ce babban ma'auni. A ɗebe 12 daga 18, saura 6. A ɗebe 6 daga 12 sau biyu, ba saura. Ma'aunin 6 ne. A gwada da 8 da 6. A ɗebe 6 daga 8, saura 2. A ɗebe 2 daga 6 sau uku, ba saura. Ma'aunin 2 ne.

Da zarar an san babban ma'auni, ƙaramar mahaɗa ta samu. A ninka lambobin biyu da juna, a raba abin da aka samu da ma'aunin. 8 sau 6 sun ba da 48, a raba 48 da 2, ga 24 ta fito, daidai da ranar gamuwar masu jaki. Haka 18 sau 12 sun ba da 216, a raba da 6, mahaɗarsu 36 ce.

Malaman gado sun lura cewa in an ɗauki kowaɗanne lambobi biyu, ba za su wuce hali 4 ba, sun kuma sa wa kowane hali suna da Larabci. Na fari tamasuli, watau lambobin iri ɗaya ne, kamar uba mai sudusi da uwa mai sudusi, sai a ɗauki 6 kawai. Na biyu tadahuli, watau ƙaramar tana shiga cikin babbar ba saura, kamar 'ya mai rabi da mata mai tumuni, 2 tana shiga 8, sai a ɗauki 8. Na uku tawafuƙi, watau akwai ma'aunin da ya fi 1 tsakaninsu, kamar 6 da 8 ɗin nan na gidan Bungudu. Na huɗu tabayuni, watau babu abin da ke raba su duka biyu sai 1, kamar mata mai rubu'i da uwa mai sulusi, sai a ninka 4 da 3 a sami 12. Halayen nan 4, da yadda ake gane su ta wurin ɗebewa, suna cikin babin ƙarshe na Muhtasar, wanda Muhammadu ya karanta a gaban Muhammadu Bindu.

Dabarar ɗebewar nan kuwa tsohuwa ce ƙwarai. Wani masani Bagirke da Larabawa ke kira Uƙlidis, wanda ya zauna a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rubuta ta cikin littafinsa na lissafi. An juya littafin zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Halifa Haruna Rashid. Kun ga dabara ɗaya ta ratsa harsuna da ƙasashe masu yawa, har ta zo zaurukan malaman ƙasar Hausa tun ba a gina makarantar boko ko ɗaya ba.

Tafiya gabas

Da Muhammadu ya ga ya sami rabonsa na karatu a gida, sai ya nemi iznin malaminsa ya tafi aikin hajji. A zamanin nan babu mota, babu jirgin ƙasa, balle jirgin sama. Mahajjaci da ƙafa yake tafiya, ko bisa jaki, ko bisa raƙumi, ya sha rana ya sha ƙishirwa, ga 'yan fashi, ga cuta. Waɗansu sukan yi shekaru a hanya, waɗansu ma ba a sake ganinsu. Duk wanda zai tafi sai ya yi ban kwana da danginsa irin na wanda ba ya sa ran komowa.

Muhammadu bai mai da tafiyar nan ta gaggawa ba. Ya ratsa ƙasashe da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. Duk inda ya iske wanda ya san abin da shi bai sani ba, sai ya sauke kaya ya koma almajiri. A wani gari ya zauna wata 5 wurin wani malami, ya karanta waɗansu littattafan hisabi a gabansa. Ga shi an riga an kira shi Sibawaihi a gida, amma girman laƙabi bai hana shi durƙusawa gaban wani ba. Ya kuma rubuta labarin abin da ya same shi cikin tafiyar. Gaskiyar Hausawa da suka ce tafiya mabuɗin ilmi.

Ya yi hajji a shekara ta 1142 ta Hijira, daidai da 1730. Bayan hajji ya zauna a Makka, a can ya fara wallafa wani babban littafi mai suna Durrul Manzum, a kan taurari da ilmin asirai. Daga nan ya wuce Masar, ya sauka a Alƙahira, birnin da masallacin Azhar yake, inda ɗalibai ke taruwa daga ko'ina cikin ƙasashen Musulmi. A nan ya gama littafin cikin watan Rajab na 1146, wajen ƙarshen 1733.

Hatimi

Littafinsa da masu lissafi suka fi kula da shi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta a 1732. Littafin yana magana a kan haruffa da hatimi. Hatimi zane ne mai kusurwa huɗu, an raba shi gida-gida, an zuba lamba cikin kowane gida. Sharaɗinsa shi ne, ko ta ina aka tara lambobin, jimla ɗaya za a samu. Ga mafi ƙanƙantarsa, mai gida 9:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ku tara kowane layi daga hagu zuwa dama, za ku sami 15. Ku tara daga sama zuwa ƙasa, 15. Ku tara daga kusurwa zuwa kusurwa, 4 da 5 da 6, ko 2 da 5 da 8, har wa yau 15. Dalilin 15 ɗin nan ba ɓoyayye ba ne. In an tara lambobi daga 1 zuwa 9 za a sami 45, layuka kuwa 3 ne, in an raba musu 45 daidai kowanne ya sami 15.

Mutanen zamanin Malam Muhammadu sun ɗauka akwai asiri cikin irin wannan zane, sukan sa shi cikin layu, shi ma littafinsa ya yi magana a kan wannan. Abin da ya shafi ɗan makaranta a ciki shi ne lissafin, gama duk mai son zana hatimi dole ya bi ƙa'ida. Malam Muhammadu ya bayyana hanyoyin shirya hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, watau 3, ko 5, ko 7, ko 9, lambobin da ba su rabuwa biyu daidai.

Ga wata hanya mai sauƙi da kowa zai iya gwadawa a ƙasa da tsinke. A sa 1 a gidan tsakiya na layin ƙasa. Daga nan kullum a sauko gida ɗaya, a matsa dama gida ɗaya, a sa lamba ta gaba. In saukowar ta fid da mutum waje ta ƙasa, sai ya ɓullo ta sama. In matsawar ta fid da shi waje ta dama, sai ya ɓullo ta hagu. In kuwa ya iske gidan da zai shiga da lamba a ciki, sai ya fasa, ya hau gidan da ke bisa kan lambar da ya sa ta ƙarshe. Ku bi hatimin da ke sama daga 1 zuwa 9, za ku ga haka aka shirya shi.

Da wannan hanya ana shirya mai gida 25, inda kowane layi ke ba da 65, da mai gida 49, inda kowane layi ke ba da 175. Akwai kuma wani abin lura. Lambar da ke zaune a tsakiyar ƙaramin hatimin 5 ce, 5 sau 3 kuwa 15. A mai gida 25 lambar tsakiya 13 ce, 13 sau 5 kuwa 65. A mai gida 49 ita ce 25, 25 sau 7 kuwa 175. Ashe in yawan gidajen gefe mara ne, kullum yana raba jimlar ba saura. Wanda ya saba da neman abin da ke raba lamba, da abin da lamba ke shiga cikinsa, shi ne idonsa ke saurin ganin irin wannan.

Malam Muhammadu ya san aikin yana gajiyar da mai koyo. Mutum yakan kusa cika gidaje, sa'an nan ya tarar ya kuskure tun a lamba ta huɗu, sai ya share duka ya sake. Saboda haka ya gargaɗi almajirai cikin littafin kada su fid da rai su bar aikin, ya nuna musu cewa ba a kai ga biyan bukata a wannan fanni sai da naci mai yawa.

Ƙarshen kwanansa

A Alƙahira ya fara zama a wata unguwa da ake kira Darbul Atrak. Can ya saba da wani babban malami mai suna Hasan Aljabarti, wanda kakanninsa suka fito daga wajen Habasha. Hasan masanin fiƙihu ne da taurari da lissafi, mutanen Masar suna girmama shi ƙwarai. Duk da haka ya zauna gaban baƙon nan daga Katsina, ya koyi ilmin hatimi wurinsa. Wanda ya bar gida don neman ilmi, ga shi ya zama malamin malamai a birnin Azhar.

Ban da littattafan nan biyu, ya wallafa waɗansu kuma. Akwai Bulugul Arab a kan nahawu. Akwai wata waƙa mai suna Minahul Ƙuddus a kan mantiƙi, watau ilmin daidaita tunani da hujja, ya kuma yi mata sharhi mai tsawo da kansa.

Allah bai nufe shi da komowa gida ba. Ya rasu a gidan abokinsa Hasan cikin shekara ta 1154 ta Hijira, wadda ta kama daga 1741 zuwa farkon 1742. Kafin ya cika, ya yi abin da ya kamaci wanda ya karanta babin gado: ya naɗa Hasan wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa, don kada su watse a hannun da bai san darajarsu ba. Hasan ya riƙe amana. Ya binne shi a maƙabartar da ake kira Bustanul Ulama, watau lambun malamai, ya yi gini a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Bayan wajen shekara 12 aka haifa wa Hasan ɗa, aka sa masa suna Abdurrahman. Yaron nan bai ga Malam Muhammadu da idonsa ba, amma da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, sai ya sa labarin baƙon gidansu cikin littafinsa, ya jera malamansa da littattafansa, ya yabe shi yabo mai yawa. Daga nan ne aka sami mafi yawan abin da ake faɗa game da shi yau. An buga Durrul Manzum a Masar. A 1967 wani masani ɗan ƙasar nan, Hassan Gwarzo, ya yi rubutu a kan aikinsa. A 1973 kuma wata malama 'yar Amurka mai suna Claudia Zaslavsky ta ba da labarinsa cikin littafinta a kan lissafin mutanen Afirka, har yaran waɗansu ƙasashe suka san sunansa.

Dukiyar da Malam Muhammadu ya bari a Alƙahira ta daɗe da ƙarewa, amma ilminsa yana nan. Gadon tumaki sai an kasa shi kashi 24, in wannan ya ɗauki 3, wancan ya ɗauki 4, sauran ya ragu. Gadon ilmi kuwa ko yara dubu suka ɗiba, kowa ya sami cikakke, ba ya raguwa.

To, ku yaran Gusau da Tsafe da Bungudu, ranar da malam ya rubuta 6 da 8 a kan allo ya ce a nemo mahaɗarsu ko ma'auninsu, ku tuna irin lissafin da Malam Muhammadu ya koya ke nan a gaban malaminsa, wajen shekara 300 da suka wuce. In amsa ta ƙi fitowa, ku goge ku sake, kamar yadda ya hori almajiransa. Wata rana wani daga cikinku za a kira ya raba gado, ko ya auna hatsi, ko ya riƙe kuɗin jama'a, mutane kuwa za su dogara ga lissafinsa. Sannu ba ta hana zuwa.